Shekarar da Dada Ta Daina Shan Ruwa

'Ya'yana, na san abin da kuka ji. Kun ji shi a bakin tsofaffin majami'a, kun ji shi a bakin yaran da kuka yi faɗa da su a Dubeli, wai ubanku ya taɓa zaman bencin baya na masu horo a majami'a saboda ya koma tsafi. Zaman bencin baya gaskiya ne, na yi shi har benci ya san ni. Maganar tsafi ce nake so in warware muku tun da sauran numfashina, don na lura kun girma kuna kauce wa zancen kamar abin kunya. Ba abin kunya ba ne. Da za a mai da ni wannan shekarar, abin da na yi shi zan sake yi.

Kakanku ba ku tarar da shi ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ya sauko daga duwatsunmu na kudu tun ina goye, ya sari gona a Damare, hayin kogi. Mai zafin rai ne, mai son giyarsa, amma a sanina bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Da na yi baftisma na koma gida na yi masa wa'azi da zafin sabon shiga. Ya saurare ni har na gama, yana gyaran ƙotar fartanya, sannan ya tambaye ni ko ubansa da kakansa suna cikin gidan nan da nake kiransa zuwa. Na ce ban ga alama ba. Ya ce to in ƙyale shi, shi ba ya shiga gidan da aka hana ubansa. Ban sake samun wata amsa daga bakinsa ba har ya rasu. Ina faɗa muku wannan ne don kada ku sauƙaƙa wa kanku zancen, ku ce ai tsoho bai ji ba. Ya ji, kuma ya ƙi.

A al'adar mutanenmu, idan maigida ya mutu ana ɗaura wa matarsa igiyar rama a wuya, ba ta aski, ba ta zuwa kasuwa. Kowace safiya kuma za ta cika ƙoƙon da mijin yake shan ruwa da shi, ta ajiye a inda ya saba zama, domin ana cewa mamaci yana kan hanya, matafiyi kuwa yana jin ƙishirwa. Idan shekara ta zagayo, ɗan fari shi zai fasa ƙoƙon a kan kabari ya yanke igiyar, alamar mutum ya isa, matar kuma ta sauke nauyi. Ba ƙanen mamaci ba, ba wani dattijo ba, ɗan fari. Ni ne ɗan farin, ni kaɗai ne ma namijin da ya rayu.

Baba ya rasu ne a lokacin da aka raba jihohi aka mai da mu ƙarƙashin Maiduguri, kowane ma'aikaci yana tambayar inda fayil ɗinsa ya kwana. Ina koyarwa a firamare a Jimeta, ni da mahaifiyarku Rahila muna haya a gidan wata Bafulatana a Dubeli, kowa yana ce mata Goggo. Dattawan ikkilisiya sun riga sun tsai da magana cewa ni za a tura makarantar koyon aikin fasto a shekara mai zuwa. Ba zan ɓoye muku ba, ina son abin nan kamar raina. Har na fara gwada muryar wa'azi a bayan gida, Rahila tana dariya tana cewa kajin Goggo sun kusa tuba. Bayan girbi na haye kogi na ɗauko mahaifiyata, wadda duk muke kira Dada, don ba za ta iya zaman Damare ita kaɗai ba. Ta zo da igiyarta a wuya da ƙoƙon Baba a ƙunshe cikin zane. Ta zaɓi gindin dogon yaro na tsakar gida ta ce nan zai zauna. Na kau da kai, na ce a raina saura 'yan watanni abin ya wuce.

Dada ba ta jin Hausa sai ta cefane, amma tana son waƙa, saboda haka takan bi Rahila majami'a ranar Lahadi. A farkon bazara aka yi mana baƙon mai wa'azi, mutum mai murya, ya ɗauki labarin mai arzikin nan da ya mutu ya sami kansa cikin wuta, yana roƙon a ɗiga masa ruwa a harshe, aka ce babu hanya. Ya yi wa'azin da kyau, ban ga laifinsa ba har yau. Ya ce wutar ba ta mutuwa, kuma duk wanda ya ji kiran Yesu ya juya baya can zai nufa. Rahila tana gefen Dada tana juya mata magana zuwa yarenmu. Kun san uwarku, ba ta iya rage zance ba, ko gishiri aka ce ta miƙo sai ta haɗa da labarin inda aka saye shi. Ba ta tsallake ko kalma ɗaya ba. A hanyar gida Dada ta yi tambaya ɗaya tak, ko wannan wurin yana da ƙarshe kamar tafiyar shekara. Rahila ta ce mai wa'azi ya ce ba shi da shi.

Ni ban lura da komai ba, ina fita da safe in dawo da rana a gajiye. Goggo ce ta tare ni a zaure wata rana, ta riƙe kan kekena.

"Malam, mamanka ba ya shan ruwa. Ni ina gani. Ko mu da muke azumi, rana ya faɗi muna buɗe baki. Wannan wane irin azumi ne?"

Na shiga na tsare Rahila da tambaya, sai ta fashe da kuka. Ashe tun ranar wa'azin, duk ruwan da aka ba Dada sai ta jiƙa leɓe kawai ta juye sauran cikin ƙoƙon Baba. Idan ya cika ta tsiyaye a gindin bishiya ta sake cikawa. Kunu take ɗan kurɓa da yamma, shi ma don kada mu gane. Wanda bai yi bazara a Yola ba ba zai san abin da nake faɗa ba. Lokacin ne ƙarfen keke yake ƙona hannu, randa ta yi zafi tun hantsi, mutum ya sha ruwa ya ji kamar bai sha ba. Tsohuwa ce da ta wuce sittin. Idanunta sun faɗa, leɓenta ya tsage, idan ta miƙe sai ta dafa bango. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Na yi faɗa, na yi lallashi, na kawo ma'aikacin asibiti ya yi mata bayani, duk a banza. Ta ce ba za ta iya haɗiye ruwa ba alhali mutumin da ta yi wa tuwo tun tana yarinya yana roƙon ɗigo ana hana shi. Ana cikin haka ƙanen Baba ya aiko daga Damare cewa shekara ta kusa, a shirya fasa ƙoƙo. Dada ta ce ba mai taɓa shi. Idan tafiyar ba ta da ƙarshe, in ji ta, to ruwan ma ba zai yanke ba, ita za ta ci gaba da zubawa har ta bi shi.

Na tafi wurin Baba Ishaya, babban dattijon ikkilisiyarmu, wanda shi ya tsaya mini a zancen makaranta. Kada ku riƙe shi a zuciya, mutumin kirki ne, ya riƙe ni kamar ɗansa. Ya saurare ni, ya ce hanya ɗaya ce: in gaya wa Dada gaskiya ba kwana-kwana, cewa mijinta ya riga ya hallaka, ruwanta ba ya isa gare shi, ta ceci ranta tun da ita da sauran dama. Na tambaye shi ko shi ya ga Baba a can. Ya ce bai gani ba, amma abin a bayyane yake. Na ce abin da yake a bayyane shi ne akwai hukunci, wanda aka yanke wa wane da wane kuwa ba a nuna mana ba. Ya dube ni ya ce in yi hankali, daga irin wannan tausayin ne mutane suke fara goge wuta daga koyarwa. Ya kuma ja mini kunne cewa idan na sa hannu a fasa ƙoƙo, dattawa ba za su iya rufe ido ba.

Wata hanyar kuma Rahila ce ta kawo ta, cikin kuka. Ta ce in je in ce wa Dada mai wa'azi ya yi kuskure, babu wata wuta, kowa yana hutawa. Wa zai sani? Na yi ta juya wannan a raina, don ita ce mafi sauƙi. Amma ban gaskata haka ba, kuma Dada ta haife ni, tana gane ƙaryata tun kafin in buɗe baki. Na zauna tsakanin maganar Baba Ishaya da ta Rahila, na ga kowannensu yana so in faɗi abin da ban sani ba. A kwanakin nan na yi addu'a irin wadda ba a koyarwa a aji. Na ce wa Ubangiji, kai ka ce kai ƙauna ne, kai kuma ka yi maganar wutar nan da bakinka, to ga uwata tana mutuwa a tsakanin biyun, sai ka nuna mini yadda suke zama a gida ɗaya.

Ranar Asabar da rana tsaka na same ta a gindin dogon yaro, ƙoƙon yana gabanta. Na zauna a ƙasa. Ban zo da wa'azi ba, ita ce ma ta fara. Ta ce ta yi ta tunani, wannan Allah nawa mugu ne, gara dodannin dutse, su ko an ɓata musu rai akan ba su kaza su huce. Na ce to da za a ba ta iko, sai ta kashe wutar gaba ɗaya? Ta ce ƙwarai. Sai na tambaye ta labarin Kwada.

Ku ba ku san wannan sunan ba, don Dada ba ta son a ambace shi. Tana ƙarama aka yi yunwa a dutse. Wani mutumin ƙauyensu mai suna Kwada ya ce zai kai ƙanwarta wurin dangi inda akwai abinci, ashe ya ba da ita ne aka ba shi dawa. Ba a sake ganin yarinyar ba. Shi kuwa ya rayu ya tsufa, ya tara mata da awaki, ya mutu a kan gadonsa, aka yi masa kiɗa. Da na ambace shi sai na ga tsohuwar da ba ta iya miƙewa ta gyara zama.

"Shi ma a sake shi?" na ce.

"Shi kam a'a."

"Ashe kina son wutar, Dada."

"Ina son a tambaye shi inda ya kai ta," ta ce. "Ba wanda ya taɓa tambayarsa."

Na ce mata abin da na gaskata ke nan, kuma a wurin na fara gane shi da kaina. Allahn da zai dubi abin da aka yi wa yarinyar nan ya ɗaga kafaɗa ya ce ba komai, wannan ba ya ƙaunarta. Domin yana ƙaunarta ne ya sa akwai ranar tambaya. Wanda kuma aka tambaye shi ya ƙi sunkuyar da kai, aka buɗe masa ƙofa ya ce ba ya so, ba za a ja shi da igiya zuwa cikin gida ba, zamansa a waje shi ne wutar, kuma zai daɗe a can daidai daɗewar ƙinsa. Dada ta ce ta ji wannan, amma ai ubana ma an buɗe masa ya ƙi. Ta kafe ni da ido ta yi tambayar da nake gudu.

"Bitrus, kai ka yi karatu. Ubanka yana ina?"

"Ban sani ba, Dada."

"Malaminku ya sani."

"Shi ma bai sani ba. Ya san akwai wurin, ni ma na sani. Wanda yake ciki, mai wurin ne kaɗai ya sani."

Na ce mata ni ina wurin da Baba ya ƙi, kuma ba zan ce bai ƙi ba. Amma ni wa'azin yaro na yi masa, na ce masa ubansa ba ya ciki alhali ba a nuna mini ba. Ko ƙin Yesu ya yi, ko ƙin bakina ya yi, ko son ubansa ne ya rufe masa ido, ni ba ni da ma'aunin da zai raba waɗannan. Akwai mai shi. Ya san yunwar da Baba ya sha, ya san zafin ransa, ya san abin da ya wuce a zuciyarsa a kwanakin da ya kwanta ba ya magana. Ba zai yi masa ƙari ba, ba kuma zai ruɗe ba. Sannan na nuna ƙoƙon na ce, wannan tausayin da ya hana ki shan ruwa, ke kika ƙera shi? Wani ne ya zuba miki. Wanda ya zuba miki kuwa ba zai zama nasa bai kai naki ba.

Inuwa ta matsa daga kanmu. Sannan ta tambaye ni, shi wannan mai hukuncin, ya san ƙishirwa kuwa, ko irin manyan nan ne da ake yi wa fifita? Na ce ya sani. Na ba ta labarin yadda aka rataye Yesu a kan gicciye a rana, yadda ya nemi ruwa yana bakin mutuwa, aka miƙa masa abu mai tsami. Ta sa na maimaita. Ta ce a rana? Na ce a rana tsaka, kamar yanzu.

"To ya san abin," ta ce.

Ta ɗauki ƙoƙon ta riƙe shi a cinya. Na ɗauka za ta sha, har na miƙa hannu in taimaka mata, amma ta ce a'a. Ta ce ita ba ta iya ajiye aiki a tsakiyar hanya. Shekara guda tana ba mutumin nan ruwa, idan za ta miƙa shi ga wani, sai an yi yadda ake yi, a kan kabarinsa, da hannun ɗansa. Ranar da na fasa, ranar za ta sha. Na san Dada, ko kogi zai kafe ba za ta sauya ba.

Washegari bayan sujada na tsaya gaban dattawa na gaya musu abin da zan yi, don ban so su ji a bakin wani. Na ce ba zan yanka kaza ba, ba zan zuba giya ba, ba zan kira sunan kowa ba sai na Yesu, amma ƙoƙo zan fasa shi, igiya kuma zan yanke. Suka ce masu rauni za su gani su ce malam ma yana yi. Wannan magana tana da nauyi, ban raina ta ba. Na ce na ji, amma uwa ɗaya gare ni. Baba Ishaya bai ɗaga kai ba har na fita.

Da sassafe muka sauka bakin kogi, ni da Rahila muna riƙe da Dada. Ruwa ya ja baya sosai, sai da muka taka yashi mai nisa kafin mu kai ga kwalekwale, a wani wurin ma goya ta na yi, ba ta fi buhun gyaɗa nauyi ba. A Damare dangi sun taru. Ƙanen Baba ya ɓata rai da na hana kaza, na ce masa ko a yi yadda na ce ko in koma da ƙoƙona, ya haƙura. Dada ta cika ƙoƙon da hannunta ta miƙo mini. Na tsaya a kan kabarin na yi addu'a da yarenmu don kowa ya ji. Na ce, Ubangiji, ga ubana, mun yi iyakar tafiyar da za mu iya yi da shi, daga nan sai kai, kai ne mai gaskiya, kai ne kuma mai jinƙai, ba mu san yadda za ka yi ba amma mun san ba za ka yi kuskure ba. Na tsiyaye ruwan, na buga ƙoƙon a kan dutse ya tarwatse. Na sa wuƙa na yanke igiyar. Wuyanta duk ya yi sawu.

Abin da ya biyo baya kun san shi. An sa ni ƙarƙashin horo, an hana ni jibin Ubangiji, wato gurasar da ake raba wa masu bi a majami'a, wani aka tura makarantar a madadina, kuma ba a sake kiran sunana ba. Ya yi mini ciwo, ba zan ce bai yi ba. Duk lokacin da na ga an naɗa sabon fasto sai ciwon ya dawo sabo, har na yi furfura. Na ƙare a malamin firamare mai alli a hannun riga, kuma ban bar majami'ar ba ko Lahadi ɗaya. Ban taɓa daina gaskata akwai hukunci na har abada ba, ban kuma taɓa yarda in rubuta sunan wani a ciki ba. Dada ta yi shekaru bayan haka tare da mu, ita ta yi renon yawancinku. Ta yi baftisma daga baya, da ƙafarta ta je, ba wanda ya tsorata ta. Da aka tambaye ta dalili a gaban dattawa, cewa ta yi tana so ta bi wanda ta bar wa mijinta. Baba Ishaya ne ya riƙe hannunta zuwa cikin ruwa.

Amma ba wannan ranar nake gani ba idan na rufe ido. Ranar dawowarmu daga Damare nake gani, muna tsakiyar kogi, rana ta take, kanta sabon aski yana ƙyalli. Ba ta nemi ruwa ba tun daga kabari, ni kuma na kasa tambaya. Sai ta taɓa Rahila ta nuna goran da ke ƙafarta. Rahila ta zuba mata a murfin kwano. Dada ta kafa kai, muna jin saukar ruwan a maƙogwaronta, ba ta ɗago ba sai da ta shanye. Ta duba cikin murfin, babu ko ɗigo, ba ta rage wa kowa ba. Ta miƙa wa Rahila.

"Ƙaro," ta ce.